Takalmana Sun Riga Ni Komawa Dakoro

Duk wanda ya san aikin rijiya a ƙasarmu ya san mutum biyu ke yin sa, mai shiga da mai igiya. Ni Labo, mai shiga ne. Shaibu ɗan kawuna shi ne mai igiyata tun muna samari, ga shi taubashina, ba mu taɓa gaisawa babu zagi a ciki ba. In zan sauka, sai in tuɓe takalmana in miƙa masa ya zauna a kansu. Ba zai tashi ba ko an kira salla, sai na fito ya mayar mini da su hannu da hannu. In kuwa ƙasa ta rufta da mai shiga, mai igiya ne zai ɗaura igiya a ƙugunsa ya bi shi har ya taɓa shi da hannu, ko da rai ko babu. Sai bayan nan yake da ikon ɗaukar takalman ya kai gidan mutum. Uwar da ta ga takalmi ya shigo gida babu mai shi ba ta tambayar komai. Haka muka tarar ana yi, ban kuma taɓa zaton akwai ranar da zan bayyana wa wani wannan ba.

A zamanin da Nasara ke da ƙasa ne, ba a daɗe da kafa bariki a Dakoro ba. Muna da rijiyarmu ta kanmu da muke haƙa a kan hanyar Azagor. Mun kai gaba talatin, mun taɓa rairayi mai danshi, sai ta ƙi. Duk abin da na kwashe da safe, kafin azahar ya zubo ya cike gurbinsa, itacen da muke kafawa kuma ba ya riƙewa. Ana nan sai ga wani Bature mai neman duwatsu, wanda ya yi shekaru a Maraɗi har ya iya Hausa gwargwado. Sunansa ya gagare mu, muka sa masa Mai Guduma, don ba ya rabuwa da wata 'yar guduma a ɗamararsa. Ya ga ina ɗanɗana ƙasa in faɗa masa daga gaba ta nawa ta fito, sai ya ce mutum biyu yake so waɗanda ba sa tsoron igiya, su bi shi wata ƙasa can gabas da arewa, in mun dawo zai sa kumandan, Baturen bariki, ya ba mu siminti mu ɗaure rijiyarmu. Inna ta ɗinke mini maɗaurin takalmina da jar fata, muka hau kamiyo, wato babbar motar kaya.

Agadas ce zangonmu na farko da zan iya tunawa, don kafin nan Shaibu amai kawai yake yi ina riƙe masa kai ina dariya.

"Ƙaton banza," na ce masa, "kai da ka ce za ka hau jirgin sama."

"Bari in warke, Labo," ya ce. "Ranar da ka shiga rami ina bisa, sai ka roƙe ni."

A kasuwar Agadas wani mutum mai bakin zuma ya karɓi wuƙata ya ba mu salka wadda ya rantse ba ta yoyo. Kafin mu yi yini ɗaya a cikin hamadar Tenere ta tsiyaye tas a kan buhun geronmu. Daga nan sai abincin Nasara, kifin gwangwani da wani busasshen burodi mai karya haƙori. Ban san ina son fura ba sai a wannan hanya. Kwana da kwanaki babu itace, babu tsuntsu, sai mu sauka mu tura kamiyo mu sake hawa. A Bilma muka sha ruwa mai ɗanɗanon gishiri, muka ci dabino har cikinmu ya ɓaci. Bayan Bilma Hausa ta ƙare. Mun shiga ƙasar Tubawa, wadda ko a wajen Nasara wata ƙasa ce dabam, da nata gwamnan, ana ce da duwatsunta Tibesti.

Daga garin Zuwar muka fara hawa. A nan ne ƙasa ta daina yi mini magana. Ni da nake taƙama da sanin laka da marmara da farin rairayi, sai ga wani dutse fari-fari, mai laushi, ya shimfiɗu iyakar gani, ya cike kowane kwari ya daidaita shi. Ka kankare shi da farce ya yi gari. Mai Guduma ya tsinci wani guntu mai huji-huji ya jefa a bokitin ruwa, dutsen ya tsaya a sama yana yawo. Shaibu ya ja da baya yana a'uziyya.

"Toka ce," in ji Mai Guduma. "Duk inda muka bi tun jiya, toka ce."

"Tokar mi?" na ce. "Wane daji anka ƙone haka?"

"Gobe ka gani."

Washegari da hantsi kamiyo ya tsaya, muka taka 'yan taku, sai ƙasa ta ƙare a gabanmu. Na shiga rijiyoyi da ba zan iya ƙirgawa ba, amma ranar sai da na durƙusa na dafa ƙasa da hannu biyu. Rami ne wanda in ka zuba Dakoro da gonakinta a ciki, sai ka neme ta. Zurfinsa kuwa, in ka jera rijiyarmu goma a kan juna ba ka kai ƙasansa ba. Can ƙasa wani abu fari fat ya shimfiɗu, da wasu baƙaƙen tuddai a tsakiyarsa. Farin nan kanwa ce, irin wadda muke ba dabbobi. Na tambaya su wane ne suka haƙa shi, ina kuma suka zuba ƙasar.

Mai Guduma ya zauna a bakin ramin ya kunna taba, ya ce babu wanda ya haƙa. Ya ce can ƙarƙashin ƙasa, nesa da inda dagina zai taɓa kaiwa, akwai zafin da ke narkar da dutse. Narkakken dutsen ya fi na kewayensa rashin nauyi, sai ya riƙa tasowa a hankali, yana taruwa wuri guda kamar tabki, shekaru bisa shekaru da ba a iya lissafa su da kakanni. A cikinsa kuma akwai iska a ɗaure. Ya tambaye ni ko na taɓa toshe gorar fura na manta da ita a rana. Na ce na taɓa, Inna ta kusa kashe ni. Ya ce to haka ne. Ƙasar da ke sama sai ta kumbura, ta tsage a kewaye, ran da tsagar ta kai ga tabkin, iskar ta sami hanya, sai komai ya tashi lokaci guda. Ba malala yake yi kamar yadda ƙananan duwatsu masu aman wuta ke yi ba. Dutsen tarwatsewa yake ya zama toka mai wuta, wata ta hau sama ta rufe rana har sanyi ya sauka a ƙasashe masu nisa, damina ta rikice, wata kuma ta bi ƙasa da gudun da ya fi na doki, ta cike kwaruruka, ta daskare ta zama wancan farin dutse da muka kwana biyu muna takawa.

"To ramin hwa?" in ji Shaibu.

Ni na ba shi amsa, don a nan na gane. "Rijiyarmu ce, ƙato. In rairayin ƙasa ya zube ya bar kogo, mi ka samun na bisa?"

"Ruhtawa."

Mai Guduma ya buga cinyarsa don murna. Ya ce ya yi wa masu ilimi wannan bayani a ƙasarsu sun fi ni daɗewa kafin su kama. In tabkin ya amayar da cikinsa, rufinsa ba shi da abin da zai zauna a kai, sai ya faɗa ciki. Shi ya sa mafi girman irin waɗannan ba tudu suke bari ba, rami suke bari, mutum ya yi ta neman dutsen alhali yana tsaye a cikinsa. Ya ce wannan da muke gani ma ƙarami ne, yana gefen wani tsohon da ya fi shi faɗi, kuma a hayin teku akwai waɗanda sai ka yi kwanaki kana tafiya ba ka fita daga bakinsu ba. Daga baya ruwa ya taru a ramin, ya ƙafe, ya bar kanwa. Na tambaye shi ko wannan abu mai aman wuta ya mutu. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai bai ga gawarsa ba.

Abin da ya kawo mu shi ne bangon ramin. Yana so a sassaro masa dutse daga kowane hawa, daga sama zuwa inda igiya ta tsaya, don ya san sau nawa abin ya faru. Muka kafa ƙarfe, muka gwada igiyar, sabuwa ce mai kyau, tsawonta gaba arba'in. Kwana biyu ina sauka ina cika jaka, Shaibu yana zaune a kan takalmana yana yi mini waƙar zambo. Da igiya muke magana: ja ɗaya, sassauta. Ja biyu, tsaya. Ja uku, fito da ni. Ba mu taɓa kuskure ba.

A rana ta uku na kai ƙarshen igiya na sami wani ɗan dandamali a jikin bango, faɗinsa kamar tabarma. Ƙasa da shi kaɗan, ta gefe, ga wani jan hawa da Mai Guduma ya yi ta nuna mini da madubinsa na hangen nesa, igiya kuma ba ta kai ba. A rijiya, in ka taka dutse ka tsira. Rairayi ke kashe mu, dutse bai taɓa cin amanar kowa ba, a kansa muke kwance igiya mu huta mu sha ruwa. Na buga ƙafa, na ji tauri. Na kwance igiyar daga ƙuguna kamar yadda na yi sau dubu. Na manta da abin da na gani a bokiti. Taku biyu na yi, dandamalin ya ɓare a ƙarƙashina gaba ɗaya.

Ban faɗi da nisa ba, gaba uku ne ko huɗu, a kan wani gangare na tsakuwa. Amma ƙafata ta hagu ta karye a ƙwauri, ƙirjina kuma ya bugu har na buɗe baki babu abin da ya fito. Ina kwance rigingine ina ganin bakin igiyar a samana tana lilo. Wani ƙundu na bangon ya tare ni, na sama ba ya ganina. Ban ji tsoro ba, wallahi ban ji ba. Na san abin da zai biyo baya. Shaibu zai ji igiya ta yi sako-sako, zai ja ta ya ga babu kowa, zai ɗaura ta a ƙugunsa ya sauko. Har na fara shirya zagin da zan yi masa in ya iso.

Igiyar ta hau. Na jira. Ta sake saukowa babu kowa, ta yi lilo, ta daɗe. Na ji ana kiran sunana can sama, iska tana yanka muryar. Na tattara ƙarfina na jefa tsakuwa, ba ta kai ko'ina ba. Inuwa ta juya, la'asar ta yi. Sai na ga igiyar tana hawa a hankali, hawa irin na mai naɗewa, gaba ɗaya a gwiwar hannu, gaba ɗaya a tafi. Na san naɗin Shaibu ko a mafarki. Bayan ɗan lokaci na ji kamiyo ya tashi.

Na ce ruwa suka je nema. Na ce wata hanya suka zagaya. Kwana biyu ina yi masa uzuri iri-iri, ina jan jiki da gindi a kan gangaren nan, ƙafata ɗaure da rawanina, don na ga can ƙasa akwai wani ɗan kore kusa da kanwa. Da na isa na tarar da idon ruwa, mai ɗumi, mai ɗaci, yana warin farar wuta, yana ɓulɓulowa kamar tukunya ta kusa tafasa. Na sha na yi amai na sake sha. Daga nan ƙasa na ɗaga kai na karanta bangon kamar yadda nake karanta rijiya: farar toka, baƙin dutse, jar ƙasa da ta ƙone, sai toka kuma, sai baƙi. Ba sau ɗaya aka yi ba, ba sau biyu ba. Na sami amsar da Mai Guduma ke nema, babu wanda zan faɗa wa.

Wata tsohuwa ce ta tsince ni, Batuba, da jakuna biyu da wuƙa a damtsenta. Ashe akwai 'yar hanya ta ɗaya gefen, da suke bi su ɗebi kanwa. Angulayen da ke kewaya ni ta biyo, tana zaton akuya ce. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi ƙafafuna babu takalmi, ta dubi bangon, ta faɗi wata magana mai kama da faɗa. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata, na dai riƙa ce mata Kaka ta kuma amsa. Ta ja ƙafar ta gyara ba tare da ta tausaya mini ba, ta ɗaure da sandunan dabino, ta sauke kanwar da ta wahala ta ɗiba ta ɗora ni a maimakonta. Wannan kanwa da ta zubar ta tsaya mini a rai har yau.

Wata biyar na yi a wurinsu. Suna zaune a wani kwari da ruwa ya yanka a cikin tokar nan, bango tsaye dama da hagu, dabino a tsakiya, ga koguna a jikin dutsen da suke ajiye abinci. Abin da wuta ta binne, ruwa ya zo yana tonewa kaɗan-kaɗan, mutane suka bi bayan ruwa suka zauna. Nonon akuya da dabino da wani garin ƙwayar daji, shi ke nan abincin. Da ƙashin ya kama, Kaka ta sa aka kai ni a jaki wani wuri mai kwana uku, inda ƙasa ke fitar da tururi tana huci, laka tana tafasa, duwatsu sun yi ɗorawa. Can suke kai masu ciwon gaɓɓai. Ta tura ƙafata cikin ruwan zafi, in na janye ta buge ni da sanda. Na zauna a nan ina jin ƙasa tana motsi a ƙarƙashina, na ce lalle Mai Guduma ya yi gaskiya, wannan abu barci yake yi. Kullum da hantsi kuma sai in tsinci kaina ina duban hanya, ko zan ga wani dogo mai tafiyar agwagwa yana tafe da takalmi a hannu.

Ran da na iya tafiya da sanda, Kaka ta cika mini jaka da dabino, ta raka ni bakin kwarin, ta juya ba ta waiwaya ba. A Zuwar na ji wani gumiye, wato sojan raƙumi, yana zagin raƙuminsa da Hausa. Na rungume shi ina kuka kamar ɗan'uwana. Mutumin Tawa ne. Da na faɗa masa ko ni wane ne, sai ya saki akala.

"La'ilaha illallahu! Kai ne mai rijiyan da anka ce ya mutu?"

"Wa ya ce?"

"Ɗan'uwanka mana. Nan gabana ya hwaɗi. Nasaran ya so a koma da mutane a zagaya ta ƙasa, shi ya ce babu amfani, ya leƙa ya ga gawarka da idonshi, kai ya hwashe. Har hwatiha munka yi maka."

Na tambaye shi ko ya ga takalmi a wurinsa. Ya ce ya gani, masu jan maɗauri, a rataye a wuyansa.

Ƙaryar ta fi naɗin igiyar ciwo. Tsoro na san shi, kowane mai igiya yana da ranarsa. Amma ya tsaya a gaban mutane ya rufe hanyar da za a zo a nemo ni, wannan ban sami inda zan ajiye shi ba. Gumiyen ya ba ni takalmin taya, ya haɗa ni da masu zuwa Bilma. Can na jira ayarin gishiri na Buzaye, na yi musu aikin ɗaure kaya da jan ruwa suka yarda in bi su. Mun keta Tenere a ƙafa, ni da ɗingishina a can baya. Kowane taku ina shirya abin da zan faɗa a gaban mai gari da liman da kawuna. Na shirya shi tsaf, na gyara, na sake gyarawa, har na haddace.

Shekara ɗaya da wata huɗu da barinmu gida na biyo ta hanyar Azagor. Tun daga nesa na hangi shanu da raƙuma sun taru inda na bar tsibin rairayi. Rijiya ce ɗaurarriya da siminti, bakinta fes, guga huɗu suna aiki. Na roƙi wani Bafillace ruwa, ya ba ni, mai daɗi, babu gishiri. Na ce rijiyar wa ce wannan.

"Rijiyar Marigayi," ya ce. "Wani bawan Allah ya fara ta, ya mutu a ƙasar Tubawa. Ɗan'uwansa ya ƙarasa ya sa mata sunansa. In ka sha sai ka yi masa addu'a."

Na yi masa addu'a.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida na yi sallama. Ba ta yi ihu ba, ba ta gudu ba. Ta ajiye rariya, ta zo ta shafa fuskata da hannunta mai gari, ta shiga ɗaki ta fito da takalmana. Sun sha mai har suna ƙyalli.

"Ban yi maka sadakar arba'in ba," ta ce. "Kawunka ya yi hushi, na ƙiya. Yaron nan da ya kawo su, ƙasa ya aje su, bai ba ni a hannu ba, bai dubi idona ba. Na ce wanga bai taɓa ɗana ba."

Na ce mata gobe zan tara mutane. Ta riƙe hannuna.

"Labo, ɗan wana ne. In ka hwaɗi, babu mai sake ba shi igiya, babu mai ba ɗiyanshi mata, kawunka ba ya sake hita masallaci. Allah ya maido mani kai. Kada ka sa in rasa wancan gida."

Jawabin da na keta Tenere da shi, a nan tsakar gida ya mutu. Na gaya wa gari cewa Shaibu ya ga jini ya zaci na mutu, kuskure ne. Aka yi ta mamakin ikon Allah.

Shi kuwa sai da ya kwana uku kafin ya zo. Ya rame, ya tsaya a ƙofar zaure kamar baƙo. Babu zagi, babu ƙato.

"Nasara ya ce in sauka shi da mai tuƙi su riƙe mani," ya ce. "Labo, na ɗaura igiyar. Wallahi na ɗaura. Na dubi hannun Nasaran, na dubi ramin, na ce wanga bai san ja ɗaya ba bai san ja uku ba. Wa za ya zamna bisa takalmina? Sai na ji bakina ya ce na ga gawarka."

"Ina ƙasanka gaba huɗu daga bakin igiya," na ce. "Ina kallo kana naɗi."

Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Na so in ji tausayinsa, na nema ban samu ba.

Da bazara ruwan rijiyar ya ja baya, tana son yasa. Mutane suka ce ga mai ita ya dawo, shi ya fi kowa saninta. Na je. Aka kafa igiya, Shaibu ya zauna a mazauninsa na dā, jama'a sun kewaye mu suna murna za su ga Labo da Shaibu kamar dā. Na sunkuya na tuɓe takalmana. Ya miƙo hannu. Na tsaya riƙe da su, na dubi hannun, na dubi sauran mazan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, mutanen kirki waɗanda na sani tun haihuwa, na ga babu wanda zan iya ba. Na mayar da su ƙafata.

"Ƙafar ce," na ce wa mutane. "Shaibu, kai shiga. Ni in riƙe."

Ya dube ni, fuskarsa ta yi fari kamar kanwar nan. Shi kaɗai ya san abin da nake tambayarsa. Ya tuɓe takalmansa ya ba ni. Na zauna a kansu. Tun hantsi har la'asar yana ƙasa, aka kira azahar ban tashi ba, igiyar tana tafina ina jin kowane motsinsa. Gaba talatin da biyu, babu mai ganinsa sai ni. Da ya ja uku na fito da shi a hankali, ko gwiwarsa ba ta goge bango ba. Na miƙa masa takalmansa hannu da hannu.

"Haka a kan yi," na ce masa.

Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu ban da gaisuwa, har ya rasu. Ni na zama mai igiya, na riƙe wa mutane da yawa, babu wanda na bari a ƙasa. Rijiyar tana nan, sunanta bai sake ba, jikokina suna ɗebo mini ruwan Marigayi in yi alwala. Amma ban sake shiga rami ba, aikin da na fi kowa iyawa a ƙasar Dakoro. Ban kuma sake tuɓe takalmi na miƙa wa ɗan Adam ba. Ko masallaci na shiga, a hammata nake riƙe su.